Shuɗaɗɗiyar Sigar Rataya a Nahawun Sifaniyanci

Duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, in ya shiga koyon harshen mutanen Sifaniya, akwai wani wuri guda da ya kan yi tuntuɓe, ko da kuwa ya riga ya haddace kalmomi dubu. Bahaushe yana cewa "ina so ka zo", yana cewa "na so ka zo", yana kuma cewa "zan so ka zo". Lokaci ya sake har sau uku a farkon magana, amma "ka zo" tana nan inda take, ba ta motsa ba. Mutumin Sifaniya ba ya barinta haka. In son nan na yanzu ne sai ya ce *quiero que vengas*, in kuwa na jiya ne sai ya ce *quería que vinieras*. Wannan *vinieras* da 'yan'uwanta su ne abin da takardar nan ta nufi yin bayani a kansu. Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin harshen nan shi ne na hukuma a ƙasashe 20, har da Gini Ikwatoriya maƙwabciyar Kamaru, kuma da wuya mutum ya karanta shafi guda na littafi ko jarida bai ci karo da sigar ba.

Masana nahawun Sifaniyanci sun raba fi'ili gida biyu manya, ban da umurni. Akwai wadda suke kira *indicativo*, watau sigar da mai magana ke ba da labari da ita, yana mai ɗaukar nauyin cewa abin ya auku, ko yana aukuwa, ko zai auku. A nan za a kira ta sigar labari. Akwai kuma *subjuntivo*, wadda sunanta ya fito daga wata kalmar Latin mai ma'anar ɗaure abu a ƙarƙashin wani. Za a kira ta sigar rataya, don galibi fi'ilin da ke cikinta ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai dai a rataya shi jikin wata jimla ta so, ko ta tsoro, ko ta shakka, ko ta umurni. Sigar rataya tana da ta yanzu, kamar *vengas*, tana kuma da shuɗaɗɗiya, kamar *vinieras*, wadda littattafansu ke kira *pretérito imperfecto de subjuntivo*.

Sunan nan yana da ɗan ruɗi. Ɗalibi ya kan ji an ce shuɗaɗɗiya, sai ya ɗauka ba ta magana sai a kan abin da ya wuce. Ran nan kuma sai ya tarar da *si lloviera mañana*, ga shuɗaɗɗiya ga kuma "gobe" a jimla ɗaya, sai kansa ya ɗaure. Gaskiyar magana ita ce aikin sigar nan nisantarwa ne. Wani lokaci tana nisantar da aiki daga yau zuwa jiya, wani lokaci kuwa tana nisantar da shi daga abin da ke akwai zuwa abin da ake zato ko ake guri. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe linzamin babin duka.

Ginin sigar ba shi da wuya, har ma ana iya cewa shi ne wuri mafi sauƙi a cikin sarrafa fi'ilin Sifaniyanci. A ɗauki fi'ili a shuɗaɗɗen lokaci na sigar labari, a wurin jam'in waɗanda ake maganarsu, kamar *hablaron*, "sun yi magana". A yanke *-ron* na ƙarshe, sa'an nan a liƙa ɗaya daga cikin waɗannan wutsiyoyi:

*hablara, hablaras, hablara, habláramos, hablarais, hablaran*

*hablase, hablases, hablase, hablásemos, hablaseis, hablasen*

Jeri biyu ke nan, na *-ra* da na *-se*, kuma ana zuwa ga dalilin kasancewarsu biyu. Ƙa'idar nan ba ta da togaciya ko ɗaya. Fi'ilan da suka fi kowane taurin kai su ma suna bin ta: *tuvieron* ta ba da *tuviera*, *dijeron* ta ba da *dijera*, *hicieron* ta ba da *hiciera*, *durmieron* ta ba da *durmiera*. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta *teniera* a maimakon *tuviera*, ciwonsa yana can baya wajen shuɗaɗɗen lokaci, kuma can ya kamata malami ya koma ya yi masa magani. Fi'ilan *ser* da *ir*, watau zama da tafiya, sun haɗu a *fueron*, don haka *fuera* ɗaya ke yi musu aiki su biyu, sai jimla ta nuna wanda ake nufi.

Abu ɗaya ne ke bukatar kunne. *Hablara* da *hablará* haruffansu ɗaya, sai 'yar sandar da ke kan wasalin ƙarshe ta raba su. A ta farko nauyin murya yana kan gaɓar tsakiya, ita ce ta rataya. A ta biyu yana kan gaɓar ƙarshe, ma'anarta "zai yi magana". Wannan ba zai ba Bahaushe tsoro ba, shi da ya saba rarrabe kalmomi da karin murya kaɗai.

Aikinta na farko shi ne bin sawun babbar jimla. In fi'ilin da aka rataya a jikinsa ya koma baya, to ita ma sai ta koma. *Le pido que espere*, "ina roƙonsa ya jira", ta zama *le pedí que esperara*, "na roƙe shi ya jira". *Es necesario que salgan* ta zama *era necesario que salieran*, "ya zama dole su fita". Haka abin yake bayan ƙananan kalmomin da ba su karɓar komai sai rataya, kamar *para que*, "domin", da *antes de que*, "kafin", da *sin que*, "ba tare da": *salió antes de que amaneciera*, "ya fita kafin gari ya waye". Mai karatu zai lura cewa a fassarar nan Hausa ta yi amfani da sigarta ta "ya jira", "su fita", "ya waye". Ashe ke nan Bahaushe ya riga ya san inda ake ratayawa, abin da bai saba da shi ba kawai shi ne ratayar ta sake kama saboda lokaci.

Amma fa akwai wuraren da Sifaniyanci ke ratayawa alhali Hausa ba ta yi, kuma nan ne wahalar gaske take. Na farko shi ne bayan kore zato. *Creo que Pedro vino*, "ina zaton Pedro ya zo", in an kore ta sai ta zama *no creo que Pedro viniera*. A nan ma akwai abin lura. Sigar labari tana da wadata, tana rarrabe *vino*, "ya zo", da *venía*, "yana zuwa a lokacin", da *vendría*, "zai zo" in an hango daga baya. Sigar rataya matalauciya ce, duk ukun nan *viniera* ɗaya ke tsaya musu. Don haka *no creía que viniera* tana iya nufin "ban yi zaton yana zuwa ba", tana kuma iya nufin "ban yi zaton zai zo ba". Mai fassara ba shi da abin dogara sai abin da ya gabata da abin da ya biyo.

Wuri na biyu shi ne jimlar da ke siffanta suna. A duba waɗannan biyu:

*Buscaban a un hombre que sabía árabe.*

*Buscaban un hombre que supiera árabe.*

Duka biyu a Hausa sai a ce "suna neman mutumin da ya iya Larabci". Amma a ta farko mutumin yana nan, an san shi, ɓacewa ya yi ake cigiyarsa. A ta biyu ba a san ko akwai shi ba, duk wanda aka samu ya iya Larabci ya wadatar. In Bahaushe yana so ya bayyana bambancin sai ya ƙara kalma, ya ce "wani mutum" ko "duk wanda". Sifaniyanci kuwa a jikin fi'ili yake saka shi. Irin wannan ne ake gani bayan *cuando*: *pagó cuando vendió el caballo*, "ya biya sa'ad da ya sayar da dokin", labari ne na abin da ya tabbata, amma *dijo que pagaría cuando vendiera el caballo*, "ya ce zai biya in ya sayar da dokin", ba ta ce an sayar da doki ba, ba ta kuma ce mai bin bashi ya ga kuɗinsa ba. Alƙalin da ke karanta takardar alkawari ya san nauyin wannan wasali guda.

Aikinta na biyu shi ne wanda sunanta bai faɗa ba, kuma ya fi fitowa fili a babin sharaɗi. Sifaniyanci yana da matakai uku. *Si llueve mañana, sembraremos*, "in an yi ruwa gobe za mu yi shuka": mai magana yana ganin abin mai yiwuwa ne, don haka ya yi amfani da sigar labari. *Si lloviera mañana, sembraríamos*, "da za a yi ruwa gobe da mun yi shuka": goben dai ita ce, amma ya dubi sama bai ga hadari ba. *Si hubiera llovido ayer, habríamos sembrado*, "da an yi ruwa jiya da mun yi shuka": ƙofa ta riga ta rufe. A mataki na biyu *lloviera* ba ta da wata alaƙa da jiya. Abin da ta nuna shi ne mai magana ya ja da baya daga maganarsa. Don komawa jiya ta gaske sai an kawo *hubiera*, wadda ita ce shuɗaɗɗiyar rataya ta fi'ilin *haber*, a haɗa ta da fi'ilin da ake so. Da-na-sanin da Hausawa ke cewa ƙeya ce, a Sifaniyanci *si hubiera sabido* ce.

Wannan dabara ta aron shuɗaɗɗe don nuna abin da bai tabbata ba, ba baƙuwa ba ce ga malaman da suka karanta nahawun Larabci. *Lau* tana shiga kan fi'ili mali, kamar a *lau ja'a Zaidun la akramtuhu*, alhali Zaidu bai zo ba. Hausa ma da ta ce "da ya zo da na karrama shi", sigar abin da ya riga ya auku ta ara. Malamin da zai koyar da babin nan ya fi masa sauƙi ya shiga ta wannan ƙofa da ya fara da haddar jeri. Sai dai ya gargaɗi ɗalibansa da abu biyu. Jawabin sharaɗi a Hausa, "da mun yi shuka", ɗaya ne ga gobe da jiya, amma Sifaniyanci ya raba *sembraríamos* da *habríamos sembrado*. Sa'an nan kuma, da yake Hausa tana maimaita "da" a ɓangarorin biyu, ɗalibi ya kan so ya maimaita siga ɗaya, ya ce *si tendría dinero, compraría*. Daidaitaccen harshe bai yarda da wannan ba, *si tuviera* yake so. Amma a yi wa ɗalibi adalci, mutanen arewacin Sifaniya, wajen ƙasar Bask da Nabara da Riyoha, su ma haka da yawansu ke faɗa a gida.

Daga sharaɗi sai *como si*, "kamar a ce". Ita ba ta karɓar ta yanzu ko kaɗan: *habla como si fuera el dueño*, "yana magana sai ka ce shi ne mai gidan". Maganar yanzu ake yi, amma *fuera* ta sanar cewa gidan ba nasa ba ne. Sai kuma *ojalá*, kalmar guri, wadda ta cancanci a ɗan dakata a kanta. Daga Larabcin Andalus ta fito, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma ƙamusun Majalisar Harshe ta Sifaniya ya mayar da ita ga *lau sha'a Allah*. A da ana rubuta ta *oxalá*, ana kuma furta *x* ɗin kamar "sh", daga baya sautin ya koma maƙogwaro. Kirista da wanda ba shi da addini duk suna faɗarta yau ba tare da sun ji sunan Allah a ciki ba. Tana bin matakan nan uku daidai: *ojalá llueva*, "Allah ya sa a yi ruwa", *ojalá lloviera*, "ina ma a yi ruwa", *ojalá hubiera llovido*, "ina ma an yi ruwa". Ta farko addu'a ce, ta biyu guri ne, ta uku nadama.

Ladabi ma nisantarwa ne. Mai saye da ya ce *quiero*, "ina so", bai yi laifi ba, amma wanda ya ce *quisiera* ya sassauta murya, kamar Bahaushen da ke cewa "da ma ina so ne in tambaya". Haka *debiera* ta fi *debe* taushi wajen ba da shawara.

A nan ne tambayar jeri biyu ta zama tilas, domin ana cewa *quisiera un vaso de agua*, ba a cewa *quisiese* a wannan wuri. Ƙananan littattafan koyo su kan ce *-ra* da *-se* ɗaya ne, a zaɓi wadda aka ga dama. A mafi yawan wurare haka ne: *quería que vinieras* da *quería que vinieses* ba su da bambancin ma'ana da za a iya kafa hujja da shi. Amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. *Cantase* ta fito daga *cantavissem* ta Latin, wadda tun asali ta rataya ce. *Cantara* kuwa daga *cantaveram* ta fito, wadda ta labari ce zalla, ma'anarta "na riga na yi waƙa kafin lokacin". Da wannan ma'ana ake samun ta a tsofaffin rubuce-rubuce, kamar waƙar jarumin nan Sid da aka tsara wajen shekarar 1200. Harshen Fotugal, ɗan'uwan Sifaniyanci na kusa, har yau bai haɗa su ba: *falara* ta labari ce, *falasse* ita kaɗai ce ta rataya.

Yadda *-ra* ta ƙaura daga gidansu abu ne da ya ɗauki ƙarnuka. Ta fara shiga ne ta jawabin sharaɗi, abin da Latin ma kan yi wani lokaci: mai magana ya faɗi sakamako kamar ya riga ya auku, don ya nuna saura ƙiris. Daga jawabi ta tsallaka cikin sharaɗin kansa, har aka saba da jimla mai *-ra* a ɓangarorin biyu, irin *si tuviera, diera*, wadda ta cika littattafan zamanin Cervantes, marubucin da ya rasu a 1616. Sa'ad da Antonio de Nebrija ya buga nahawun farko na harshen a Salamanka a 1492, bai ɗauke su abu ɗaya ba. Ya sa *amasse* a gurin yanzu, ya sa *amara* a gurin abin da ya wuce. Daga baya *-ra* ta saki wannan ma'ana ta wucewa, ta bar wa *hubiera amado*, sa'an nan ta bazu cikin sauran wuraren da *-se* ke zaune ita kaɗai. Baƙuwar ta zo ta fi 'yar gida ƙarfi. Yau *-ra* ce ta rinjaya ko'ina, a Amurka kuwa da ƙyar ake jin *-se* a bakin mutane, sai a rubutu. A Sifaniya tana da sauran rai, kuma marubuta su kan yi amfani da ita don kada *-ra* ta yi yawa a jimla ɗaya.

Wannan tarihi shi ke bayyana rashin daidaiton. Duk inda aka ga *-se*, ana iya sa *-ra* a madadinta. Amma inda *-ra* ke riƙe da gadonta na da, *-se* ba ta da shiga. *Quisiera* da *debiera* da *pudiera* na ladabi saura ne daga zamanin da take jawabin sharaɗi, shi ya sa ake iya musanya su da *querría* da *debería* da *podría*. Haka kuma *hubiera* ke tsayawa a wurin *habría*: *si lo hubiera sabido, hubiera venido* daidai take. A Benezuwela da tsibiran Karibiyan da waɗansu ƙasashen Amurka ta Tsakiya har yanzu ana jin tsohon salon a kowane irin fi'ili, kamar *si tuviera dinero, me comprara una casa*.

Akwai kuma wani gado da ya mutu aka tono shi. Marubutan ƙarshen ƙarni na 18 da na 19, saboda sha'awar tsohon harshe, suka maido da *-ra* ta labari. Andrés Bello, malamin nan haifaffen Karakas wanda ya buga nahawunsa a Santiyago ta Cile a 1847, ya soki wannan, yana ganin tsohon yayi ne mai jawo ruɗu. Ba a saurare shi ba. 'Yan jarida sun rungumi salon, har ya zama ruwan dare a rubuta *el que fuera presidente* ana nufin "wanda ya taɓa zama shugaba", ba tare da shakka ko guri ba. Bello yana da gaskiya wajen ruɗun, domin baƙon da ya haddace cewa *fuera* ta rataya ce zai tsaya yana neman shakkar da babu ita. Shawarar da ta dace ga ɗalibi ita ce ya gane salon in ya gan shi, amma ya rubuta *fue* ko *había sido* da hannunsa. Haka zai yi da jeri na uku mai *-re*, kamar *hablare* da *fuere*, wanda tushensa ɗaya da na waɗannan biyu, amma shi na lokaci mai zuwa ne, kuma ya kusa ƙarewa sai a harshen dokoki da waɗansu tsofaffin maganganu.

Saura ƙa'idar bin sawu da aka fara da ita, wadda ita ma ba ta kai tsananin da littattafan makaranta ke ba ta ba. Majalisar Harshe ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1713, ta fitar da nahawunta na farko a 1771, sa'an nan a 2009 ta fitar da babban sabon nahawu tare da takwarorinta na sauran ƙasashe, inda aka ba maganar mutanen Amurka wuri mai faɗi. A daidaitaccen harshe ma ana iya cewa *me pidió que venga mañana* in zuwan bai riga ya auku ba, domin roƙon ya wuce amma abin da aka roƙa yana gaba. A ƙasashen duwatsun Andis kuwa, watau Peru da Bolibiya da Ikwado, har da sassan Ajantina, mutane da yawa sun wuce nan, suna cewa *quería que vengas* ko da zuwan na bara ne. Sun bar ratayar a tsaye, babbar jimla kaɗai ke ɗaukar lokaci, daidai da yadda Hausa ke yi da "na so ka zo". Ɗalibi Bahaushe da ya yi wannan a kasuwar Lima ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi, amma a takardar jarrabawa za a ja masa jan layi, a rubuta *vinieras* a gefe.